Gangunan da Mai-Allura Ta Kawo

Abin da na fi rasawa a garinmu yanzu shi ne ƙarar turmi. A da ba zakara ke tada mu ba, daka ce. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji ta taso daga gidan liman, sai gidan maƙera ya amsa, sai namu, har garin duka ya ɗauka. Taɓarya biyu ko uku cikin turmi guda, ƴan mata na jefa tasu sama suna tafawa kafin ta sauko. Da kunne kaɗai nakan gane gidan da ake surfe da gidan da ake kirɓin hura, har in gane gidan da matar ta kwana da fushi. Da injin niƙa ya zo ban yi ƙorafi ba, don kafaɗuna sun huta. Amma bana shi ma injin ya yi shiru. Mai shi ya ga ba abin da ake kawo masa, ya kulle ɗakin ya tafi bida, neman kuɗi a wata ƙasa, kamar sauran samari. Ina zaune a ƙofar ɗaki da hantsi, ba abin da nake ji sai kukan akuya da ƙarar babur daga nesa. Wannan shirun na san shi. Na taɓa jin irinsa ina sabuwar uwa, kuma na ɗauka ba zan sake jin sa ba har in koma ga Ubangiji.

Garinmu ƙarami ne, cikin ƙasar Dogarawa, inda tudu ke gangarawa zuwa kwarin Maggiya. Kusan kowa Musulmi ne, sai mu ƴan gidaje kaɗan a gefen yamma masu bin Almasihu. Tushen abin uban mijina ne, wanda duk gari ke ce wa Baba Mai-Wa'azi. Yana saurayi kuturta ta kama shi, danginsa suka kai shi asibitin mishan suka baro shi can. Bayan shekaru ya komo da dungulmin hannu da sabon addini. An yi ta surutu a farko, daga baya aka gaji aka bar shi, don mutum ne da ba ya faɗa kuma ba ya ƙin zuwa jana'izar kowa. Ɗakin sujadarmu na laka ne da jinka. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataya a jikin iccen dogon yaro, ana buga ta da guntun galma. Gayya tare muke yi da sauran gari. Ranar Layya nama na shigo mana ta kan darni daga ko'ina, mu kuma ranar Kirsimeti sai mun kai tuwo kowane gida kafin mu ci namu.

A lokacin ba mu san wani abu wai shi zubar da abinci ba. Innata, in tsaba ta faɗi daga faifai, sai ta tsaya a kanki har ki duƙa ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Takan ce, "Ubanki ya yi zuhwa a kanta, ke ko duƙawa kike ƙyuya?" Ƙanzo a jiƙa shi a sha da safe. Ruwan da aka wanke hatsi na awaki ne, dussa ta jaki, kara na darni, toka ta miya. Yau yaran garin nan sun fi son maka, taliyar kanti, da shinkafar waje, kuma ko wannan ɗin sai wanda ɗansa ya aiko daga Lagas ko Libiya. Rumbunan da iyayenmu suka gina, manya masu ciki kamar tulu, da yawansu sun rushe. Waɗanda suka rage kaji ke ƙwai a ciki. Majami'armu ma tana da nata rumbu a bayan ɗakin sujada. Kowace kaka, kowane magidanci cikinmu yakan kawo zakkar gonarsa a zuba, don gwauraye da baƙi da wanda ciwo ya hana shi noma.

Akwai wata baturiya, ma'aikaciyar jinya daga asibitin mishan, da ke zuwa mana ranar kasuwa cikin tsohuwar mota mai tanti. Ita ke auna yara ta yi masu lamba, shi ya sa muke ce mata Mai-Allura. Doguwa ce, busasshiya, ba ta taɓa aure ba. Hausarta ta hanci ce amma ba abin da ba ta ji, har zagi. Takan zauna a tabarma ta ci tuwo da hannu, in miya ta yi daɗi ta lashe yatsu. Mun san ta fito daga ƙasa mai sanyi a bayan teku, amma ba mu taɓa tunanin yadda mutanen can suke rayuwa ba. Mun ɗauka duk irinta ne.

Shekarar da nake son in faɗa, ina goyon ɗiyata ta fari. Daminar da ta wuce ba ta yi kirki ba, an dai samu abin da aka lallaɓa. Sai wadda ta biyo ta zo da ruwa guda mai kyau, aka yi shuka, hatsi ya fito ya kai idon sawu, sama ta ɗauke. Aka sake shuka, ta sake ɗaukewa. Kowace yamma hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta taso ta watsa shi. Musulmi suka fita roƙon ruwa bayan gari, mu muka yi azumi a ɗakin sujada. Kaka ta zo ba a ji waƙar masu yanka ba. Kafin rani ya yi nisa mun koma cin dussa, sannan ganyen tafasa busasshe, sannan anza. Wanda bai san anza ba, ƴaƴan wani icce ne na daji masu ɗaci kamar maɗaci, sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Mata suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe ƴar tsabar da ta tara. Turame suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Wata Lahadi bayan sujada Baba ya ce kada kowa ya tashi. Ya ce yana so a buɗe rumbun majami'a a riƙa dama kunu kullum, kowa a gari ya zo ya sha. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya fara magana.

"Malam, hatsin ga namu ne. Mu munka noma, mu munka zuba. In an buɗe ma gari duka, ina za shi kai mu? In ko dole ne a ba su, to wanda za shi sha shi zauna shi ji wa'azi tukuna."

Baba ya ɗaga dungulmin hannunsa. "In na riƙe ludayi a nan, na riƙe wa'azi a nan, na ce sai ka amshi wannan in ba ka wannan, mi na zama? Ɗan kasuwa. Almasihu da ya ciyar da taro bai tsaya tambayar kowa addininshi ba. Kuma wa za ka hana? Gidan liman ƙanwarka tana ciki."

"Ɗiyanmu hwa?"

"Ɗiyanmu za su sha abin da ɗiyansu sunka sha."

Aka buɗe rumbun. Baffa ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma tsoron nasa gaskiya ne, don kafin shekarar ta fita ya binne yara biyu. Duk da haka shi ke kawo mana icce kullum har aka gama.

Maƙeri ya yanka mana ganga ta ƙarfe gida biyu, muka girke rabi guda ƙarƙashin dogon yaro. Mu matan masu bi da matan Musulmi muka riƙa karɓa-karɓa wajen surfe da damu. Kunun tsararo ne, kana iya ganin fuskarka a ciki, amma da ɗumi. Rana ta biyu sai ga liman da kansa ɗauke da damin hatsi a ka, tsoho da shi, ya sauke a gaban Baba. Ya ce, "Abin da ya rage min ke nan. A haɗa." Suka zauna a tabarma guda suna kallon layin yara. Mai-Allura ta zo ta leƙa cikin rumbun, ta dubi layin, ta ce wannan ba zai kai mu damina ba. Ta ce za ta tafi ƙasarsu ta faɗa wa majami'un can. Ta ce, "Suna da yawa, kuma suna da abinci. In sun ji, za su taimaka." Muka raka motarta har bakin hanya da addu'a.

Bayan tafiyarta makiyaya suka fara gangarowa daga arewa. Mutanen da muka saba gani da garke har ƙura ta rufe rana, sai ga su da sanda kaɗai. Hanyar Tajaye duk mushen shanu ne, ungulaye sun ƙoshi har ba su iya tashi. Cikin masu zuwa shan kunu na lura da wata Bafillata, yarinya ce kamar ni. Takan zauna nesa da layi, ba ta miƙa ƙwarya sai an kira ta, don kunya. Mijinta ya bi sauran shanunsu kudu bai komo ba. Tana da jariri namiji a ƙirji wanda ba ya kuka, sai dai ya buɗe baki ya rufe. Na tsuguna kusa da ita na tambaye ta ko ba shi da lafiya. Ta nuna ƙirjinta.

"Kosam walaa," ta ce. "Babu nono."

Ban yi shawara da kowa ba. Na sauke ɗiyata daga baya na ba ta ta riƙe, na karɓi nata na sa masa nono. Ya kama da ƙarfin da ya ba ni tsoro. Uwar mijina ta hango mu ta taho da sauri.

"Ke ɗiyar ga, kina da hankali? Dubi taki yadda ta koma. Nonon da bai ishi guda ba za ki raba ma biyu?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da shayar da shi. Ta juya ga Baba ta ce ya yi mini magana. Baba ya dube mu ya ce, "Ba ni ce mata ta yi, ba ni ce mata ta bari. A riƙa ƙara mata ludayi guda." Daga ranar Bafillatar ta dawo zauren gidanmu da kwana. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Fillanci, amma mun iya zama tare yini guda. Takan tsefe mini kai ina shayar da yaran, ɗaya dama ɗaya hagu.

Bazara ta shigo, rumbun majami'a ya kusa kai ƙasa, sai muka ji Mai-Allura ta komo, kuma kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, na biye da ita da kaya daga majami'un ƙasarsu. Ranar da ya iso ba wanda ya rage a gida. Mata suka fito da ƙore da buhuna, tsofaffin da ba su iya tafiya aka ɗauko su. Aka sauke ganguna na ƙarfe masu fenti, aka jera su gaban ɗakin sujada. Baba ya yi addu'ar godiya, liman ya shafa. Maƙeri ya sa kurfi ya ɓalle murfin ta farko. Wani wari ya taso kamar na kafur. Ya sa hannu ya jawo wata riga mai nauyi, baƙa, da gashi a wuya kamar na tunkiya. Ya sake jawo wata. Sannan takalman mata masu tsinin dunduniya, sannan huluna, sannan ƴartsana mai shuɗin ido da ke rufe ido in an kwantar da ita. Wani ya sa wa maigari rigar gashin a tsakiyar zafin bazara, aka kwashe da dariya, dariyar da aka daɗe ba a yi ba. Aka buɗe ta biyu, aka buɗe ta uku. Dariyar ta mutu. Wata tsohuwa ta zura hannu har kafaɗa cikin ganga tana lalube ko hatsin yana ƙasa.

A ta ƙarshe aka tarar da gwangwanaye masu gari a ciki, mutane suka matso. Mai-Allura ta ɗauki guda ta karanta abin da ke jiki. Ba ita ta shirya gangunan ba, bayan tahowarta aka cika su, ita ma a ranar ta fara ganin abin da ke ciki. Na ga fuskarta ta yi ja har wuya. Ta zauna a ƙasa, cikin turɓaya, ta rufe fuska da tafin hannu. Ban taɓa ganin baturiya ta zauna a ƙasa ba tabarma ba.

Da la'asar ina kankare gangar kunu Mai-Allura ta zo ta tsuguna tana taya ni. Na tambaye ta garin nan na mene ne.

"Na masu ƙiba ne," ta ce. "Suna shan shi a maimakon abinci don su rame."

Na ɗauka Hausa ce ta kuɓuce mata. Na ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa.

"Ɗiyata, kada ki ce duka haka suke," ta ce. "Na tsaya a majami'u da yawa, na nuna masu hotunan yaranku. Sun yi kuka, kuka na gaskiya. Wata tsohuwa ta cire zoben aurenta ta sa mini a hannu. Wasu yara sun bar cin abincin rana sun tara mini abin da za a saya masu. Da irin wannan na sayi dawa, tana hanya daga bakin teku. Amma a wata babbar majami'a, da aka gama kuka sai aka ce a zo a ci abinci. Tebur daga nan har rijiya. Da aka tashi na shiga madafa in taya su wanke-wanke, na ga ana share nama daga faranti ana zubawa a kwandon shara."

"Na awaki ne?"

"Ba su da awaki."

"To wa za a ba?"

"Ba kowa. Mota ke zuwa ta kwashe a je a binne."

Na bar kankarar na dube ta. "Su ma masu bi ne?"

"Waƙoƙin da kuke yi ranar Lahadi, su ma su suke yi."

Na koma kan kankarar. Har yau ina tuna cewa ba fushi na ji ba. Kunya na ji, kamar an ce mini wani ɗan gidanmu ya yi abin assha a kasuwa.

Ba a zubar da komai ba, mu ba mu iya ba. Garin masu ƙiba ma an dama shi cikin kunu an sha. Mijina ya ɗora rigunan gashin a kan jakin da ya rage a gari, ya bi hanyar Konni a ƙasa, ya tsallaka iyaka ya sayar wa ƴan gwanjo a wulaƙance, ya komo da buhunan garin rogo. Wannan ya riƙe mu ɗan lokaci. Takalman tsini yara suka yi ta wasa da su har suka ɓace. Abin da ya fi amfani cikin gangunan nan duka shi ne fararen zannuwan gado da muka tarar a ƙasan ɗaya. Farin yadin alawayyo ya riga ya ƙare a gari, da zannuwan aka riƙa yin likkafani, Musulmi da masu bi.

Sai ƙyanda ta shigo. A shekara mai ƙoshi yaro yakan yi ta ya tashi, amma a jikin da ba komai sai fata ba ta daɗewa. Kusan kowace safiya ana fita da yaro. Ɗiyata ta fara da zazzaɓi, idanunta suka yi ja, ta ƙi kama nono. Mai-Allura ta yi mata allura, ta ɗiga mata ruwan sukari da cokali, ta zauna da mu har rana ta yi tsaka. Yarinyar ta cika a kan cinyata, Bafillatar na riƙe da ƙafafunta. Ɗiyar fari ce, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Har ta mutu ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Ko kuka ban yi a fili ba, don surukaina na nan. Uwar mijina ta yago gefen zanen gado ta naɗe ta. Ba ta taɓa ce mini ga abin da ta faɗa ba, ko sau ɗaya, har ta bar duniya. Da aka fita da gawar, yaron Bafillatar ya buɗe baki, nonona kuma ya cika yana zuba. Uwarsa ta juya mini baya da shi don kada in gani. Na ce ta miƙo shi.

Kamyon dawar ya iso bayan ƴan kwanaki. Ashe ruwan farko ne ya sauka a wani wuri, ƙorama ta yanke hanya, kamyon ya tsaya can yana jira ta janye. Jar dawa ce mai tauri, tuwonta kamar ƙasa, amma ta ceci mutane da yawa, ba zan ɓoye wannan ba. Da ba don tsohuwar nan mai zobe da irinta ba, da rabin garinmu ba su ga kaka ba. Turame suka farka. Ciyawa ta fito. Wata safiya Bafillatar ta goya ɗanta, wanda ya fara yin kumatu, ta tsaya a gabana ta daɗe tana magana da harshensu tana hawaye. Ban ji ko kalma guda ba. Ta cire munduwar tagulla daga hannunta ta sa a nawa, ta bi hanyar arewa neman danginta. Ban sake ganinta ba, ban kuma san ko yaron ya girma ba.

A sujadar godiya ta kakar nan Baba ya ce mana abin da ya faru ba zai sake faruwa ba. Ya ce, "Da ba su sani ba. Yanzu duniya ta gani. Ɗan'uwa ba shi ganin haka sau biyu shi yi shiru." Da wannan zuciyar ya mutu, ina kuma yi masa murna da ya tafi da ita. Mai-Allura ta tsufa a cikinmu har idonta ya raunana aka mai da ita gida. Ni na haifi wasu, na aurar, na binne miji. A tsakanin nan yunwa ta komo ban san sau nawa ba. Gonar da uban mijina ya noma shi kaɗai an raba ta an sake rabawa, yanzu rabon kowane jika bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, ƙasar kuma ta gaji ta yi fari. Ƴan furoje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, sun zo da fararen motoci, sun auna damtsen yara da ɗan zare, sun kafa allo a bakin gari, sun tafi. Allon na nan, fentin ya goge. Akwai majami'un waje da suka haƙa mana rijiya, akwai waɗanda suka riƙa aiko da hatsi kowace bazara, Allah ya saka masu. Amma kowace shekara abin raguwa yake. Ga hanyoyi sun lalace da ƴan bindiga, bature ba ya iya zuwa ya zauna a tabarma ya gani da idonsa.

Ina da jika a ƙasar Turawa, ɗan ɗiyata ta uku. Ya bi ta hamada da teku, Allah ya tsare shi. Yana aiki a wani babban kantin abinci. Ya kira ni ta waya kwanan baya, na tambaye shi aikin me yake yi. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce, "Kaka, burodi da nama da madarar da ba a saya ba, ni ke kwashewa in zuba a bola. Kuma sai na sa kwaɗo na kulle, don kada wani ya ɗauka." Ya ce ranar farko sai da ya ɓuya ya yi kuka, yanzu ya saba. Ya ce akwai wata majami'a kusa da su da ke karɓar kaɗan ta raba wa marasa gida, amma abin ya fi ƙarfinsu. Na ce masa ya riƙe aikinsa da kyau. Me zan ce? Da abin da yake samu a zubar da abincin nan nake cin tuwo.

Faston da muke da shi yanzu yaro ne mai kirki, ɗan wajen Bazaga, ya yi lakwal, karatun boko mai zurfi. Bana ya rame kamar kowa. Makon jiya ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Majami'ar waje ta ƙarshe da ke taimakonmu ta ce ba za ta iya ba bana, suna gyaran gininsu, kuma mutanensu sun gaji da jin labarin yunwa. Amma wani a cikinsu ya ce in an aiko da hoto mai taɓa zuciya zai gwada nuna wa jama'a.

"Inna, ke ce babba a cikinmu. In kin yarda in ɗauke ki, ke da ɗiyar maƙwabciyarki."

Na ce, "Ɗana, ai sun gani. Tun ina goyon fari sunka gani."

"Waɗanda sunka gani sun mutu, Inna. Waɗanga jikokinsu ne. Sai an sake gwada masu."

Na shiga ɗaki na ɗauro zanena na zuwa sujada, na fito. Ya dube ni ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Da kin mai da wancan na ɗazu." Na koma na ɗaura tsohon. Maƙwabciyata, jikar limamin nan ce, ta kawo ɗiyarta mai shekara biyu wadda gashinta ya yi ja ya kwanta. Aka ɗora mini ita a cinya, ba ta fi nauyin kaza ba. Fasto ya miƙo mini ƙwarya wadda ba komai a ciki, ya ce in dubi wayar, kada in yi murmushi. Ya ɗauki hoton. Da ya gama ya ce in yafe masa, na ce ba abin yafewa.

Jiya ya komo. Ya ce mutane da yawa sun ga hoton. Ya nuna mini a wayar, ƙarƙashin fuskata an jera wasu ƴan hannuwa a haɗe, ƙanana, masu yawa. Ya ce alamar addu'a ce, kowane guda mutum ne ya latsa. Wata mata ma ta rubuta cewa hoton ya yi kyau ƙwarai. Na tambaye shi ko an ce wani abu a kan hatsi. Ya ce tukuna.

Yana fita maƙwabciyata ta leƙo ta kan darni, yarinyar a bayanta, manyan ɗiyanta biyu na riƙe da zanenta.

"Inna, mi sunka ce? Yaushe za su kawo?"

Na ce mata ta je ta hura wuta ta ɗora tukunya da ruwa, ta rufe. Yara in suna ganin hayaƙi sukan yi haƙuri har barci ya ɗauke su.